Ranar da Sakatare Ya Miƙe Tsaye

Shekarunta hamsin da ɗaya, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali, amma har yau Auta ake ce mata a gida. A asibitin da take aiki kuwa Malama ce. Ita ke ɗibar jinin marasa lafiya tun ƙarfe bakwai na safe, ta jera kwalabe, ta liƙa wa kowace takardarta, ta tura ɗakin gwaji kafin likitoci su fara zagaye. Aikin safiya ne, ba a ɗaga shi zuwa rana. Shi ya sa tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mahaifinta shekara biyu da suka wuce, rayuwarta ta rataya a wuyan mutum ɗaya, wani ƙaton bawan Allah mai gemu da ofishin jin daɗin jama'a ke turo musu kwana biyar a mako, daga ƙarfe shida saura kwata zuwa goma.

Shi ne ke ɗaga Baba daga gado, ya kai shi bayan gida, ya yi masa wanka, ya canza zanin gado, ya zaunar da shi ya yi sallar asuba kafin rana ta fito. Daga nan shayi da burodi da ƙwayoyin magani, sai kujera kusa da taga, rediyo a gefe, waya a cinya, har Auta ta dawo ƙarfe biyu. Baba ne ya raɗa masa suna Gwamnati.

"Auta, buɗe ƙofa, Gwamnati ya iso. Yau ma a makare, kamar yadda aka san shi."

"Minti huɗu ne fa, Sakatare."

"Da minti huɗu kuke farawa. Mu da muka jira ƙarin albashi shekara tara mun san ku."

Sakatare ake kiransa saboda shekara talatin ya yi yana riƙe da wannan muƙami a ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa. Yana cikin waɗanda suka yi tattaki a titi, aka watsa musu ruwa, har majalisa ta yi dokar kula da tsofaffi da masu rauni. Ya haddace dokar nan sashe-sashe. In ya samu mai saurare, ko da mai karanta mitar wuta ne, sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya fara: mutum ya ba ƙasa ƙuri'arsa, ya ba ta haraji, ya ba ta ƙarfinsa, to ranar da ƙarfin ya ƙare sai ƙasa ta tallafe shi. Wannan haƙƙi ne, in ji shi, kuma mai haƙƙi ba ya sunkuyar da kai.

Haka dokar take a zamaninsu. Daga baya masana suka zauna suka yi mata gyara, suka ce taimako ya tafi wurin wanda ya fi buƙata. Magana ce mai daɗin ji, babu mai iya musa ta a gaban jama'a. Abin da ba su faɗa ba shi ne, kafin a san wanda ya fi buƙata sai an auna, kuma irin wannan awon ba a yin sa mutum na sanye da rigarsa.

Takardar awon ta iso a farkon mako. Ta ce ranar Alhamis jami'ar tantancewa za ta zo ta duba ko har yanzu mai gidan yana buƙatar kulawar da ake ba shi. Auta ta karanta sau biyu a tsaye a bakin ƙofa, sannan ta jawo kujera ta zauna gaban mahaifinta.

"Baba, don Allah ranar nan kada ka tashi tsaye."

"Baƙuwa ta shigo gidana in gaishe ta a kishingiɗe?"

"Ba baƙuwa ba ce. Maki za ta ba ka. Duk abin da ka ce kana iyawa, sai a rage maki. In makin ya yi ƙasa, sai a rage kwanakin Gwamnati."

"Wato in yi ƙarya."

"Ka faɗi gaskiya dai. Ka faɗi yadda kake ranar da jikin ya ƙi."

Gwamnati yana naɗe ledar shara a ƙofar banɗaki, ya sa baki. "Sakatare, gida goma sha ɗaya nake zagayawa. Na ga tsohuwar da ba ta iya ɗaga kofi ta share ɗaki tas ranar tantancewa don kada a ce ƙazama ce. Yanzu sau ɗaya a mako ake leƙa ta. Ranar nan ba ranar nuna jarumta ba ce."

Baba ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ni na san dokar nan tun tana rubutun hannu. Za ku koya mini yadda zan yi magana da ita?"

Ranar Alhamis ya sa Gwamnati ya yi masa aski, ya gyara masa gashin baki. Ya ce a ciro kwat ɗin da yake zuwa taro da ita, wadda yanzu kafaɗunta suka yi masa yawa. Ya ce a fesa masa turare. Auta ta nemi izini a wurin aiki, tana tsaye tana kallon shirin nan kamar mai kallon ana zuba ruwa a kan wutar girkinta, ba ta da bakin hanawa.

Jami'ar ta iso wajen sha ɗaya. Yarinya ce da ba za ta wuce talatin ba, da kwamfutar hannu a rungume, takalmanta sun sha hanya. Tana yin sallama, Baba ya dafa hannun kujera, ya cije leɓe, ya miƙe tsaye. Auta ta ga yadda ƙafar hagun ke rawa a cikin wando, ta ga jijiyar wuyansa ta fito. Ya tsaya har ya gama tambayar yarinyar iyayenta da gajiyar hanya, sannan ya zauna a hankali kamar wanda ya ga dama. Jami'ar ta taɓa wani abu a fuskar kwamfutarta.

"Baba, zan yi maka wasu tambayoyi. Yau wace rana ce?"

Ya faɗa mata rana da wata da shekara, ya ƙara mata da lambar sashen dokar da ya ba ta ikon shigowa gidansa. Ta yi murmushi, ta sake taɓa kwamfutar.

"Kana iya tashi daga kujera ba tare da an kama ka ba?"

"Ba ki gani ba?"

"Wanka fa?"

"'Yata, tun ba a haifi babanki ba nake wanka."

"Baba," Auta ta ce, "Gwamnati ne ke..."

"Auta, kawo wa baƙuwa shayi."

Da ta kawo, shi ya karɓi butar da hannun dama ya zuba, ko ɗigo bai zube ba. Jami'ar ta kurɓa, ta sauke murya.

"Bayan gida fa, Baba? Kana riƙewa har ka isa? Da dare fa?"

Baba ya gyara wuyan kwat ɗinsa.

"Wannan ba tambayar da ake yi wa babba a gaban 'yarsa ba ce."

"Dole in cike gurbin, Baba."

"To rubuta lafiya lau."

Da jami'ar ta tashi tafiya, Auta ta bi ta har bakin matakala, tana magana da sauri, tana lissafa mata dare da zanin gado da faɗuwar da ya yi a banɗaki wata biyu baya. Jami'ar ta saurare ta har ƙarshe. Ta ce za ta sa a gurbin ƙarin bayani, amma tsarin ya ce in hankalin mutum garau yake, maganarsa ce gaba da ta danginsa, don kada 'ya'ya su riƙa magana da yawun iyayensu. Shi ma gyara ne da aka yi domin kare mutuncin tsofaffi.

Kafin Auta ta koma ɗaki, kujerar ta jiƙe. Baba yana zaune cikin kwat ɗinsa yana kallon taga. Kwana uku bai iya ko zama a bakin gado ba.

Bayan mako biyu amsa ta zo. Ofis yana taya mai gidan murnar samun sauƙi, kuma daga yanzu mai kula zai riƙa zuwa Litinin da Alhamis.

Sauran kwanakin suka faɗo kan Auta. Takan tashi ƙarfe huɗu da rabi, ta ɗora ruwa, ta shiga ɗakin. Ta koyi sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatarsa ta ɗaga, ta koyi yadda ake juya mutum a zare zani daga ƙarƙashinsa. Abin da ba ta iya koya ba shi ne inda za ta sa idonta. Shi yakan rufe nasa ya juya fuska bango, ita ta kalli soso da ruwa, babu mai cewa uffan, uba da 'ya sun zama kamar baƙi biyu da aka kulle a ɗaki ɗaya. In an gama yakan ce, "Allah ya yi miki albarka," da muryar da ba tasa ba. Bayanta ya fara ciwo, wani zafi da ke sauka har cinya. Kuma duk saurin da ta yi, motar shida da kwata ta wuce.

A makara ta huɗu shugabar sashensu ta kira ta gefe, a bayan firijin ajiye jini.

"Malama, shekara ashirin muna tare, ba sai na yi miki dogon bayani ba. Jiya masu ciwon suga sun zauna da yunwa har takwas da rabi suna jiran allurarki. Ɗaya ta faɗi a kan benci. Na rufa miki sau uku. Na gaba ba hannuna zai biyo ba, sama zai tafi."

Da yamma ta kira yayanta da ke aiki a wani gari mai nisa. Yana cin abinci, tana jin ƙarar cokali.

"Ke ma dai Auta. Ki ajiye aikin nan mana. Ai Baba ya fi aiki."

"Mu ci me, Yaya?"

"Ba akwai tallafin masu jinya ba? Na ji a rediyo."

"Na duba. Sai na bar aiki gaba ɗaya, kuma ko hayar gidan nan ba zai biya ba. Fanshona saura shekara tara, shi ma ya tafi."

"To gidan kula da tsofaffi fa? Ba wai ina so ba."

"Sun ce makinsa ya nuna yana da sauran ƙarfi. Kuma layin ya kai shekara biyu."

"Kai, ƙasar nan. To Allah ya kawo mafita. Ki gaishe shi, ki ce ina nan tafe in an ba mu hutu."

Ta ajiye wayar ta zauna a kan kujerar kicin. Duk ƙofar da ta taɓa tana buɗuwa, amma da sharaɗi ɗaya cikin biyu: ko mahaifinta ya ƙara lalacewa, ko ita ta ƙara talaucewa. Wanda yake tsakiya, mai ɗan aiki da ɗan ƙarfi, ba a yi masa ƙofa ba.

Ranar hutunta ta tafi ofishin. Ta ciri lamba a na'ura, ta zauna cikin jerin kujerun roba da aka haɗe da ƙarfe, tsakanin wani mai sanda da wata mai goyo. A bango an manna hoton wata tsohuwa tana dariya da haƙora cikakku, an rubuta a ƙasa cewa kowa yana da daraja. Bayan awa biyu da rabi aka ba ta takardar ɗaukaka ƙara ta taga, aka ce ta cike da baƙin biro. Tana fitowa ta hango jami'ar nan a baranda tana cin burodi a tsaye. Yarinyar ta gane ta, ta haɗiye da sauri.

"Anti, ya jikin Baba?"

"Kin ce ya samu sauƙi."

Jami'ar ta duba hagu da dama, ta matso. "Anti, na san ba gaskiya ya gaya mini ba. Na ga ledar da ke ƙarƙashin zanin gadonsa. Na ga ƙafarsa tana rawa. Kakana ma haka ya yi, har rawa ya so ya taka wa mai tantancewa. Amma takardar ba ta da gurbin abin da na sani, gurbin abin da na gani da abin da ya faɗa kawai gare ta. Kuma akwai mai duba aikina. In na rubuta ba ya iya tashi alhali ya tashi a gabana, ni ce zan zo in ciri lamba a nan."

"To ya zan yi?"

"Cike takardar. Za a sake turo wani, ƙila ma ni, don mu huɗu ne kacal a yankin. In na zo, in tarar da shi yadda dare ya bar shi. Ba aski, ba turare." Ta naɗe ledar burodin. "Ban gaya miki komai ba, Anti."

Takardar ziyara ta biyu ta ce Laraba, tsakanin ƙarfe tara da ƙarfe ɗaya. Laraba ba ranar Gwamnati ba ce. Auta ta tsaya da takardar a hannu a ƙofar ɗakin mahaifinta, yana sauraren muhawarar 'yan majalisa a rediyo yana gyara musu magana.

"Mece ce wannan?"

"Za su sake zuwa, Baba."

"Madalla. Wannan karon zan nuna musu inda suka karya sashe na bakwai. Yaushe?"

Ta ninke takardar. "Alhamis."

"To a kai kwat ɗin nan wanki."

Ranar Laraba ta farka a lokacin da ta saba, amma ba ta ɗora ruwa ba. Ta yi sallarta, ta shiga kicin, ta tura ƙofa, ta zauna a kan ƙaramar kujera tsakanin firij da kwandon shara. Kicin ɗin ƙarami ne, in ta miƙe ƙafa sai ta taɓa bango. Bangon nan kuwa shi ne bangon ɗakin Baba.

Biyar da rabi ta ji ya yi gyaran murya. Sannan ƙarar cokalin da yake bugawa a ƙarfen gado in yana neman ta.

"Auta."

"Na'am, Baba. Ina zuwa."

"Ba za ki makara ba?"

"Na ɗauki hutu yau."

"To zo ki gyara ni. Lokaci na tafiya."

"Ruwa nake ɗorawa."

Ta dubi murhun da babu komai a kansa. Hasken taga ya fara sauya launi. Ƙarfe shida ya sake bugawa, sau uku, a hankali, irin bugun mai haƙuri.

"Auta, rana za ta fito ban yi salla ba."

Ta sa tafin hannu ta toshe bakinta. Ranar ta fito, ta haska kwanukan da ke kife a kan kantar kicin. A bene na sama yara suka fara guje-gujen shirin makaranta, wata uwa tana neman takalmi ɗaya da ihu. Motar shara ta zo ta wuce. Daga ɗakin Baba babu motsi, har Auta ta fara tsoron shirun ya fi bugun, ta miƙe ta leƙa ta tsagar ƙofa. Yana kwance rigingine, idonsa biyu, yana kallon rufi. Warin ya riga ya iso har zaure.

Ƙarfe tara ta yi. Duk ƙarar taku a matakala sai ta miƙe, sai takun ya wuce sama. Tara da rabi. Goma. Wanda ya tsara cewa a ba mutum awa huɗu ya jira, a ofis yake zaune, kuma ya tsara ne domin sauƙaƙa wa ma'aikata zirga-zirga. Shi ma yana da hujjarsa.

Goma da kwata Baba ya sake kira, amma ba Auta ya ce ba. Sunanta na yanka ya kira, wanda rabon da ta ji shi a bakinsa tun ranar da mahaifiyarta ta rasu.

"Me na yi miki?"

Ta runtse ido.

"In gajiya kika yi, ki faɗa. Ba zan ga laifinki ba. Amma ki zo ki faɗa mini a gabana."

Ta kifa kai a gwiwa. Ta tuna masu ciwon suga a kan benci, ta tuna shekara tara, ta tuna muryar shugabarta a bayan firij. Ta jera su a ranta ɗaya bayan ɗaya kamar kwalaben jini, kowace da takardarta, amma babu wadda ta hana ta jin numfashinsa ta bango.

Sha biyu saura ta kasa. Ta miƙe ta kunna murhu, ta ɗora ruwa, ta sirka a bokiti, ta ɗauki soso da tawul. Su rage kwanakin, su kore ta daga aiki, duk abin da zai faru ya faru. Tana tsakiyar zaure da bokiti a hannu aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Ta tsaya. Ƙofar ɗakin Baba tana hannun dama, ƙofar waje tana gabanta. Ruwan yana ta tururi. Aka sake ƙwanƙwasawa. Ta ajiye bokitin a bayan labule, ta buɗe.

Jami'ar nan ce. Ta dubi fuskar Auta, ba ta tambaye ta komai ba, ta bi ta zuwa ɗaki. A bakin ƙofa ta ɗan tsaya, sannan ta yi sallama ta shiga.

Baba ya juyo da kai. Ya dubi yarinyar da kwamfutarta, ya dubi 'yarsa da ke raɓe a jikin ƙofa. Gashin bakinsa a hargitse, rigar barci ta manne masa a jiki, zanin gadon ya yi taswira har gefe. Ya kai hannun dama yana lalubar bargo ya ja, bargon ya maƙale a ƙarƙashin ƙafar da ba ta motsi.

"Yau Laraba," ya ce.

"Laraba ce, Baba," in ji jami'ar.

"Na gane."

Ba ta zauna ba, kuma ba wanda ya kawo shayi. Ta kafe idonta a kan kwamfutar, ta karanto tambayoyin da murya ƙasa-ƙasa.

"Kana iya tashi daga gado ba tare da an kama ka ba?"

"Rubuta abin da kika gani, 'yata."

"Sai ka faɗa da bakinka, Baba. Haka tsarin yake."

Ya mayar da idonsa kan rufi.

"Ba na iyawa."

"Wanka?"

"Ba na iyawa."

"Bayan gida?"

"Tambayi Malama. Ita ta shirya miki amsar tun asuba."

"Baba, sai ka..."

"Ba na riƙewa. Akwai saura?"

Akwai saura guda tara. Ya amsa su duka, yana kallon rufi. Da ta gama ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta fita da sauri, a matakala Auta ta ji ta tsaya tana fyace hanci.

Ruwan ya huce, sai da ta sake ɗorawa. Ta wanke shi, ta canza zani, ta shafa masa mai a bayansa inda fata ta yi ja. Ta zaunar da shi ya rama asuba, ya haɗa da azahar. Da aka gama bai sa mata albarka ba. Ta buɗe baki za ta yi bayani, ya miƙa hannu ya kunna rediyo.

Mako uku suka yi a haka. Yana cewa a ba shi ruwa, a rufe taga, a kashe fitila. Da Gwamnati kuwa yana ɗan taɓa hira, amma tsokanar ta tafi, har Gwamnati ya tare Auta a zaure ya tambaye ta ko an canza wa Sakatare magani ne. Mai karanta mita ya zo ya tafi ba a yi masa huɗuba ba.

Takardar ta iso ranar wata Asabar. Auta ta buɗe ta a kicin, ta karanta layin farko. An mayar da kwana biyar. Ranar Litinin za ta kama motar shida da kwata. Sannan ta karanta sakin layi na biyu. Ta daɗe a tsaye kafin ta shiga ɗakin.

"Baba, sun amsa."

"Karanta."

Ta karanta masa na farkon. Ya dube ta.

"Akwai saura a fuskarki. Ƙarasa."

"Sun ce tunda sakamakon ziyara biyun ya bambanta sosai, ofis ya lura yanayinka mai canzawa ne. Saboda haka ba za a jira shekara ba. Duk wata shida za a riƙa zuwa tantancewa."

Ya rage muryar rediyo. Ya daɗe yana kallon hannunsa na hagu da ke kwance a cinyarsa kamar kayan wani.

"Sun sa rana?"

"Sun sa."

"Faɗa mini. Ta gaskiyar."

Ta faɗa masa.

"To. Ba sai kin ɓuya a kicin ba wannan karon, kicin ɗin nan ba wurin zama ba ne, ga bayanki yana ciwo. Ki zauna a falo ki kunna talabijin." Ya gyara wuyan rigarsa da hannu ɗaya. "Daren ranar ki ba ni shayi kofi biyu kafin in kwanta. Kada su zo su tarar da gadon a bushe, wahalarki ta tashi a banza."

"Baba..."

"Ɗauko biro ki sa alama, kada mu manta."

Ta ɗauko biro, ta ɗaga shafukan kalandar bango har shida, ta zagaye ranar. Ya ce ta matso da kalandar kusa da gado, inda zai riƙa gani.